Kilomita Goma Sha Tara

Damina ta cika gonakin shinkafa har baki,
kwaɗi sun hana Tarai barci.
Ƙarfe biyun dare aka buga min ƙofa:
"Jokhan, fito da babur. Sukhni ce."

Na same ta kan tabarma, 'yar shekara tara,
riƙe da ciki, ba kuka, ba kumburi.
A idon sawunta ɗigo biyu, kamar cizon sauro.
Baƙin macijin nan mai zoben fari
ba ya sallama, ba ya barin zafi,
cikin barci yake ajiye saƙonsa ya wuce.

Kakanta har ya wasa reza.
Wani ya kwanto igiyar ɓauna zai shaƙe cinya.
Guruwa, bokan ƙauye, na hura toka yana karatu.
Na ce, Baba, ajiye rezar.
Tsaga ba ta kiran dafin da ya riga ya yi nisa,
tsotsa ma haka,
igiya kuwa ƙafar za ta kashe.
Na zare mata munduwa,
na tsaga gora biyu, na tallafi ƙafar da gyalen uwarta
don dai kada ta motsa.
Guruwa ya zuba min ido. Na ce, yi naka a bayanmu,
addu'a ba ta neman mazauni a babur.

Muka sa ta tsakiya, ni da kawunta Budhram.
Kilomita goma sha tara, duk laka.
"Sukhni, ƙirga min fitilu."
Ta ƙirga bakwai. A ta takwas
fatar idonta ta yi nauyi,
harshe ya soma yi mata gardama.
Gadar katako ta koka a ƙarƙashinmu. Ban waiwaya ba.

A asibiti nas Kalpana ba ta tambayi sunan kowa ba.
Kwalba goma ta buɗe,
makarin da aka tace daga jinin doki,
dokin da bai taɓa ganin Sukhni ba,
yana ɗiga cikin jijiya,
wani kuma na matsa jakar iska
yana ranta mata numfashi har asuba.

Kwana uku.
Ran na huɗu ta ɗaga ido da kanta,
ta ce ina munduwarta.
Tana aljihuna.

Yanzu shimfiɗarsu ta hau gado, an ɗaura gidan sauro.
Igiya ta koma wuyan ɓauna.
Reza ta koma aikin gemu.