Direban Ƙarfe Goma

Ƙarfe goma na dare a Busan
nake tsayar da rawayar motata
ƙofar makarantar ƙarin darasi.
Su fito, jakunkuna sun rinjaye su,
tururuwa ta ɗauko abin da ya fi ta.

Da-som ke zama bayana.
Shekararta sha uku.
Ta ci farcenta har tsoka,
ta tsige rabin girar hagu,
uwarta na cike gurbin da fensir kowace safiya.

Daren Laraba ta ce, "Kawu Pyo,
na ci casa'in da huɗu."
Na ce, "Barka!"
Ta ce, "Shidan za a tambaya."

Bakina ya yi nauyi.

Muka iso layinsu,
fitilar hawa na tara a kunne, ana jira.
Ba ta motsa ba.
"Kawu, ƙara zagaye ɗaya."

Na san ina wasa da abincina.
Na karya kan mota zuwa bakin teku,
na sauke gilashi.
Iskar gishiri ta shigo da ƙarnin kifi,
jiragen masunta na lilo cikin duhu.
Teku bai tambaye ta komai ba.

Minti sha ɗaya ta yi tana barci,
baki buɗe kamar jinjira,
katin haddarta ya zame ƙasa.

Har yau yana aljihun motata.
Turanci ne, ban iya karantawa ba.
Ita ma ba ta neme shi ba.