Bencin Baba Mati

A Ƙofar Marusa, bayan masu walda,
inda rumfar kwano ta jingina da katangar Alhaji Nalado,
nan bencin yake tun ba a haife ni ba.
Madaci ne. Ya sha gam, ya sha gumi, ya sha shayi,
zarto ya yi masa tsaga kamar ta gado.

Ran Laraba Hajiya Turai ta maido kabad a bayan a-kori-kura.
Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta tura murfin, ya dawo.
Ta sake turawa, ya dawo.
Ta ce, "Sallau, wannan gaisuwa yake yi ko me?
Wanda ubanka ya yi mini shekara talatin ke nan,
ko kyankyaso bai samu hanya ba."

Da dare na ɗauko sukwayar Baba,
na ja layi da fensir, na kifa ta, na sake ja.
Layi biyu suka fito daga gida ɗaya,
kafin su kai taƙi sun raba hanya,
wannan ya nufi Jibiya, wancan ya kama ta Daura.
Ashe ƙarfe ma yana ƙarya.

Na zuba ruwa a tiyo, na bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya.
Ta hagu gara ta cinye, ta dama ta nutse,
ƙarƙashin ta baya na tono kwabo uku masu huji
da wani ya cusa, ya ja bakinsa ya yi shiru.
Tsakiyar kuwa ta lotsa kamar akushi.

Kwana huɗu ban karɓi aikin kowa ba.
Na kwantar da shi, na yanke ruɓar,
na yi masa sabon takalmi da ƙirya.
Na fere samansa, na fere, na fere,
har jan madacin ya farka,
ƙanshinsa ya kai wurin mai ƙosai.
Wani maƙeri a Saulawa ya miƙe mini ƙarfe,
na ɗaure shi da noti shida ya zama ɗan jagoran zarto.
Uku nan, huɗu can,
in tsakaninsu ya ba da biyar, kusurwa ta faɗi gaskiya.
Sau bakwai ina kwancewa.
A na takwas ta faɗa.

Baba Mati na zaune kan buhun garin katako,
ido ya yi yana, kunne kuwa garau.
Ya ce, "Zarton nan ya canza murya."
Na miƙa masa yankan fari.
Ya bi bakinsa da babban yatsa, a hankali,
kamar mai neman ƙaya a ƙafar jika.
Ya haɗa biyu, ya ɗaga saitin rana,
ya ce in duba masa ko haske ya ratsa.
Bai ratsa ba.

Na ce, "Baba, ka san sukwayarka a karkace take?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Tun shekarar canjin kuɗi ta faɗo daga kan rufi.
Na san inda take ƙarya,
sai in cike mata da kafaɗa.
Na ba ka benci, na ba ka zarto,
kafaɗar ce na rasa yadda zan cire in ba ka.
Miƙo mini kwabbaina."

Murfin Hajiya ya rufe, ƙyas, bai sake gaida kowa ba.
Tsohuwar sukwaya na rataye a ƙusa, ban yar ba.

Jiya da la'asar na bi shi da kallo za shi masallaci,
sanda a gaba, silifa na jan ƙasa,
kafaɗar dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu,
daidai tazarar layukan nan biyu.