Gatarin Kurege

A gefen Korama, kudu da Waca,
inda rairayi ke gajiya ya miƙa wa laka hannu,
akwai wani fili, bai kai shimfiɗar tabarma uku ba.
Kaba ta tsare shi ta gabas,
gamba ta rufa masa asiri ta yamma.
Nan yake fitowa.

Wata tara ba ka ganin komi.
Shanu su taka, wuta ta bi ta lashe,
masu yankan kaba su zauna a kansa su dama fura.
Shi yana can ƙasa, a dunƙule kamar hannun jariri,
bai ce uffan ba.
Sai ruwan fari ya sauka, na biyu ya bi sawu,
ka wayi gari ka tarar da kara guda a tsaye,
ba ganye, ba sallama,
fure bakwai a jikinsa,
launin da sama ke yi gab da kiran magariba,
kowanne ya saki leɓe kamar zai yi magana ya fasa.

Kalla mai garkar rake ne ya nuna mini.
Ya ce, "Gatarin kurege ke nan.
Kurege bai taɓa sare ko tsinke da shi ba,
amma haka muka tarar ana kira."
Ya yi dariya da haƙoransa biyu.
"Sunana Kalla. Kai ma kalla, ka wuce."

Ban ji ba.
Yana juya baya wajen jigo na zaro wuƙa,
na tono ɗaya har da saiwa,
na naɗe a leda, na hau motar 'yan kasuwa.
Har muka shiga Damagaram
sanyinsa na ratsa aljihuna.

A Birni, bayan ɗakinmu, gindin dutse,
na dasa shi a gwangwanin tumatir.
Famfo ya kwana huɗu bai ɗiga ba,
na saya masa ruwa wajen ga-ruwa,
ƙanwata Cima na harara:
"Mutane ba su yi wanka ba, haki na sha."
Na ba shi kashin awaki, na ba shi inuwar dogon yaro.
Ya fid da ganye biyu,
ya dubi garu, ya dube ni,
ya janye abinsa.
Da damina ta zagayo na tona:
ɓawo ne, fanko, iska ta karɓe a tafina.

Na koma na faɗa wa Kalla.
Bai yi faɗa ba, yana ta gyaran igiya.
Ya ce, "Irinsa kamar toka yake, dubu ke tashi,
ɗaya ke tsira, shi ma sai inda ƙasa ta san shi.
Akwai wata amana tsakaninsu, ban san sunanta ba.
Guga ka ɗauka, yaro. Ka baro rijiyar."

Shekara uku ke nan da muka kai Kalla makwanci.
Ɗansa Manzo ya sayi injin ban ruwa,
fangalin albasa na matsowa taki biyu duk rani.
Ban ga laifinsa ba, yana da baki tara a gida.
Bara na ƙidaya kara sha ɗaya.
Bana shida.
Na roƙe shi tabarma ukun nan,
ya ce zai duba, idonsa na kan injin.

Ramin da na haƙa yana nan, bai cike ba.
Wani kwaɗo ya maishe shi ɗaki.
Na zauna kusa da shi har rana ta karkata,
wata ƙudar zuma ta zo, ta shiga fure na uku,
ta daɗe, ta fito da rawaya a ƙeya.

Na tashi hannu wofi.
Lakar da ta kama mini wando
ita kaɗai ta biyo ni gida.