Sanda Huɗu a Ƙofar Ruwa

Da hantsi ya shigo Ƙofar Ruwa
da a-kori-kura mai ɗaki a bayanta,
ɗakin langa-langa, ƙirar hannunsa:
katifa, risho, buta, darduma,
da jarkoki shida masu ƙamshin zuma.
Tanimu sunansa. Zuma yake saye
daga dajin Falgore har duwatsun Riruwai,
sai ya yi wata bai taka kwalta ba.

Ya dire kwali a kan bencina.
Daga kasuwar 'yan waya ya ɗauko,
kuɗin jarka biyu cur.
Ya ce, "Sallau, yi wa motar nan kunne."

Na hau rufi, rana na cin ƙeyata.
Na auna taƙi uku daga goshin ɗakin,
na huda kwano, garin ƙarfe ya zubo
a kan matashinsa, bai ce uffan ba.
Na kafa eriya, siririya kamar karan dawa,
noti huɗu, na ɗaure har yatsana ya yi jini,
na zagaye ramin da gam
don kada damina ta same shi a gado.

Waya baƙa ta bi kusurwa ta sauka,
ta wuce ƙusar da yake rataye hula,
ta iske akwatin, ɗan ƙarami,
bai fi kwanon shan shayi ba.
Na ja wuta daga batir, na sa fis a tsakani.
Eriyar ciki kuwa na kai ta can ƙurya.

Ya ce, "Me ya sa ka raba su?"
Na ce, "In suka ji juna, ihu za su yi,
kamar lasifikar masallacinmu ran Juma'a.
Kuma ka sani tun yanzu, Malam,
wannan abu ba ya haihuwar murya,
reno kawai yake yi.
In daji ya ba shi ƙwaya, zai mai da ita mudu.
In daji ya hana, ya hana."

Ya daɗe yana murza makulli a tafinsa.
Ya ce, "Bara ƙwayar na rasa.
Yayana Ilu ya kira ni sau tara.
Ina gindin dutse ina awon saƙa.
Ranar da na fito titi, waya ta farka,
saƙonni suka shigo a jere kamar tururuwa,
na ƙarshen yana cewa an yi sadakar uku."

Makaniken gefe ya daina dukan rim.

Na kunna. Fitila ta yi ja, ta yi tunani,
ta koma koriya.
Muka rufe ƙofa, mu biyu cikin zafin kwano,
inda ɗazu sanda ɗaya ke rawar sanyi.
Biyu. Uku.
Ta huɗun ta miƙe kamar mai tada iƙama.

Bai kira gida ba.
Babban yatsansa ya gangara cikin sunaye,
ya tsaya a kan Ilu.
Na so in riƙe hannunsa, ban riƙe ba.
Ta yi ƙara. Aka ɗauka.
Muryar mace, tangaran, ba ko shaƙewa,
ana jin mai na tafasa a bayanta:
"Awara ta nawa? Ina Rijiyar Lemo."
Kamfani ya sayar da layin.

Tanimu ya yi shiru, sai ya yi dariya,
irin wadda ake gogewa da hannun riga.
Ya ce, "Baiwar Allah, ta ɗari biyar.
Ki ba duk yaron da ya fara zuwa,
kuɗin na nan tafe."

Ya biya ni rabi da takarda,
rabi da gorar zuma mai duhu.
Da la'asar ya fita ta hanyar Katsina,
eriyar na kaɗa kai a saman rufi,
tana gaida kowace wayar lantarki.

Ni da na wuni ina ɗaura wa wani kunne,
na laluba aljihu.
Kiran ƙanwata biyu, tun shekaranjiya.
Sandunana cike suke.