Kwano Biyu a Yeongdo

Tae-gyun ne ya kafe ta a bango
ranar da ya zo daga Seoul, ƙafarsa ɗaya a waje.
Ya ce, Umma, an karya kuɗinta, rabi na biya.
Na ce, banza dai ba ta kai zomo kasuwa.
Ya yi dariya, ya danna "na yarda" sau bakwai
ƙarƙashin rubutu mitsi-mitsi kamar ƙwan kifi.
Bai karanta ba, ban karanta ba.
Ya bi jirgin ƙarfe shida.

Daga ranar muka yi baƙin da ba su da ranar tafiya:
talabijin mai ido, firji mai lissafi,
da wani ɗan gwangwani a bakin taga,
in an kira shi ya amsa,
in ba a kira shi ba ya kasa kunne.

Chun-bae ko a jikinsa.
Shekara arba'in yana walda a cikin jiragen ruwa,
kunnensa na hagu ya riga shi tafiya.
Shi dai a bar masa tashar masunta.
Kafin wata ya mutu allon ya haddace shi:
ƙugiya, zaren fatsa, man zafi na gwiwa.
Yakan ce, Mal-nyeo, wannan ta fi ki sanin zuciyata.

Ya rasu ran Talata, ana yayyafi.

Maƙwabciyata ta hawa na tara
sai bayan mako uku ta ji.
Talabijin kwana goma sha ɗaya suka ishe ta.
Ni ban faɗa mata ba.
Ina zargin firji ya kai tsegumin cewa kifi ya daina ƙarewa,
makullin ƙofa ya ba da shaidar ƙafa biyu ke shiga, ba huɗu ba,
gwangwanin kuma ya ji abin da nake yi ƙarfe ukun dare
da fuskata cikin rigar aikinsa.

Sai ga gaisuwar mutuwarsu:
tukunyar shinkafa ta mutum ɗaya,
ƙwayar barci,
inshorar jana'iza, a biya kaɗan-kaɗan,
da gidan tsofaffi mai kallon teku.

Wa ya kai kukana kasuwa?
Nawa aka taya, wa ya ce albarka?

Na kira Tae-gyun.
Ya ce akwai wajen kashewa, shiga nan, gangara can,
ƙofa cikin ƙofa cikin ƙofa.
A ta huɗu na ɓata.
Ya ce to zare wayar. Na zare.
Shiru ya zo ya zauna a kujerar Chun-bae.
Kafin shayi ya huce na mayar.

Amma ni shekara talatin ina sayar da kifi a Jagalchi,
ba yau na fara ganin dillali ba.

Yanzu da sassafe nakan kunna tashar masunta in bar ta.
In buɗe firji, in rufe, in sake buɗewa irin nasa, da ƙarfi.
In na shigo sai in riƙe ƙofa
kamar mai jiran wani ya gama cire takalmi.
In ɗaga murya ta wajen kunnen dama:
Chun-bae, miyarka tana hucewa!
In jera kwano biyu.

Jiya da faɗuwar rana allon ya yi jim,
sai ga ƙugiya, ga zaren fatsa.

Ofishin gunduma ya soke sunansa,
banki ya rufe littafinsa,
amma can a wani ɗaki mai sanyi, ban san ko wace ƙasa ba,
wani inji ya rubuta:
mutumin nan yana nan, gwiwa ce ke damunsa.

Na yi dariya har na sarƙe.
Ban san wa ya kama wa ba.
Ƙugiyar dai na saya,
gobe za a kawo.