Mai Kujerar Gefe

Tun ƙarfe uku duhu ya sauka a Jamsa,
ƙanƙara ta ci rabin tagarmu.
Ni ina gaban allo da sitiyarin roba,
na riga na kashe mota goma sha ɗaya.

Mutumin cikin wasan ɗan Sukotlan ne.
Turancinsa kamar ya guntsi tsakuwa,
ya tauna farkon kalma, ya haɗiye ƙarshenta.
Ya ce kar a yanke kwana,
ni "yanke" kaɗai na ji,
sai ga ni rungume da itace, taya ɗaya tana juyi a sama.

Kakana Veikko na bayana, idanunsa sun yi yana.
Shekara ashirin ya yi a kujerar gefen direba
yana karanta hanya daga littafi
a dajin nan na bayan tafki.
Turanci kuwa, ko na sayen burodi ba ya ji.
Ya ce, "Rauha, ƙaro mini sautin."

Ya karkatar da kai ya yi shiru
har na sake faɗawa rami.

"Bar masa kalmominsa," in ji shi.
"Kama numfashinsa.
In ya jero magana ba hutu, hanya ta murɗe a gaba.
In ya ja ta, kwanar doguwa ce, kar ki yi garaje.
In muryar ta ɗaga, tudu ne,
kuma shi ma bai ga bayansa ba."

Na ce, Kaka, naɗaɗɗiyar murya ce fa,
a ɗaki aka ɗauke ta, yana zaune da shayinsa.
Ya ce, "Ko a ina aka ɗauka,
wannan bakin ya taɓa bushewa a cikin mota."

Muka sake tashi.
Tsakuwa na dukan cikin motar,
baƙon yana ta gurgura lambobinsa,
na ji ya matse murya, na taka birki,
dutsen ya wuce ta haguna, ban ko goge shi ba.

A gada na sake kifewa.
Na juyo in yi dariya,
sai na ga babban yatsan Kaka a kan gwiwarsa
yana bin layin littafin da babu,
ya lashi yatsa, ya buɗe shafi na gaba.