Ƙaramar Randa

A Jega nake, bayan 'yan albasa,
gida mai ƙyauren kwano da ba ya rufuwa.
Kafin hantsi an sauke mini yara bakwai:
uwar wannan tana asibiti, ta wancan tana aji,
uwar tagwaye ta ɗau faifai ta nufi kasuwa.

Randata na bisa dakali, gindin dogon-yaro,
ni kaina sai na miƙe nake kai wa bakinta.
Tsoro ne ya sa na ɗaga ta.
Na san yadda yaro ke leƙa bokiti,
kai ya rinjaye shi, ko kuka babu, balle kururuwa.
Sai na ce ruwa a hannuna yake:
bayan koko, bayan tuwo, bayan barci.
Sau uku. Na ɗauka na gama kulawa.

Ashe ƙishi ba ya jiran a kira shi.

Bazara ce, rana ta sauko har cikin zaure.
Zayyanu, wata goma sha shida, bai yi baki ba.
Kalmarsa ɗaya ce tak, "ta":
ita ce tuwo, ita ce akuya, ita ce uwa.
Ya ce "ta", na ba shi ƙuli, ya jefar.
Ya ce "ta", na goya shi, ya banƙare.
Na ce rigima ce, haƙori ke tsirowa.
Na sauke shi, na koma kan wanke-wanke.

Shiru ne ya juyo da ni.
Ga shi can rub da ciki a kaskon agwagi,
leɓensa cikin ruwan da ya yi kore,
yana zuƙa, ido a lumshe,
agwagwa na gefe tana kallon baƙo.
Ban dake shi ba. Wa zan daka?
Ni na kai mai kyau inda hannunsa ba ya kaiwa.

Da yamma na faɗa wa uwarsa, ban rage komai ba.
Ta share masa baki da gefen mayafi,
ta saɓa shi, ba ta ce uffan ba.
Da zagina ta yi, da na fi samun runtsawa.

Ran kasuwa na sami Dije maginiya.
Na ce, "Gina mini randa iya cibiyar yaro,
baki ƙuntatacce, kai ba ya shiga,
ki huda ta ƙasa, Nafi'u zai liƙa mata famfo."
Ta ce, "Randar 'yan tsana?" Ta yi ta dariya,
amma ranar da na koma, ga ta ta sha wuta, tana jiran ɗaukowa.

Moɗa bakwai, kowacce da zarenta:
ja na Lubabatu, shuɗi na Zayyanu,
tagwaye suka yi kokawa kan rawaya
har na tsinka zaren biyu.
Da asuba in tafasa, ya huce, in juye, in rufe.

Makon farko tsakar gida ta koma fadama.
Mai garuwa ya ƙara mini jarka biyu yana murmushi.
Wanki ya ninka, tabarmi na shanya a katanga,
maƙwabciya ta leƙo:
"Tasalla, shinkafa za ki dasa, ko kifi za ki kiwata?"
Na ce ta bari sai kaka, za ta ga girbi.

Kukan azahar ne ya fara raguwa.
Leɓuna suka daina tsagewa.
Lubabatu ta naɗa kanta sarkin famfo,
tana murɗa wa ƙanana, tana faɗa in an bar shi yana ɗiga.

Jiya ina tsintar wake, gumi na bin wuyana,
sai ga shi tafe, taku ɗaya tangaɗi biyu,
moɗa mai shuɗin zare a hannu bibbiyu,
rabin ruwan ya zube a hanya, rabin rabin a rigarsa.
Ya miƙo mini. Ya ce, "Ta."
Ɗan abin da ya rage bai cika baki ba.
Na shanye, na miƙa masa moɗar,
ya juya, ya koma ɗebowa.